Tsohuwar Laftof Ɗin Gidanku Ba Ta Mutu Ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan aji shida: tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, komai a kwamfuta ake yi. Amma da yawanmu, daga Ikara zuwa Makarfi da Hunƙuyi, ba ma zama gaban kwamfuta sai ranar jarrabawar. Sai ka ga ɗalibi ya san amsa sarai, amma lokaci ya ƙare yana laluben harufa. Kuma a gidaje da dama akwai laftof ɗin da Yaya ya gama karatu da ita, an ajiye ta a saman sif saboda wai ta mutu.

Sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, nauyi ne ya yi mata yawa.

Mu fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya injin, shi kuwa injin idan ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. A cire caja da batir, a share kafofin iska da busasshen buroshi mai laushi. Kuma a daina ɗora ta a kan katifa, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Idan batirin ne ya mutu, za ta yi aiki da caja kaɗai, sai dai da an ɗauke wuta za ta ɗauke ita ma.

Babban aikin yana wajen manhajar da ke tafiyar da ita. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Shiga intanet da su kamar kwana ne a shago ba kwaɗo. Windows 11 kuwa yawancin tsofaffin nan ba ta karɓarsu. Shi ya sa muka fi son Linux, wadda kyauta ce, ba satar lasisi a ciki. Idan RAM ɗin ya kai GB 2, a sa Linux Mint nau'in Xfce. Da GB 4 ma ta fi sakewa. Idan bai kai ba, ko injin irin na da ne mai bit 32, antiX ce daidai da ita. Ba ta da ado, amma tana gudu.

Ga yadda ake yi. A nemi filashi mai GB 8. A sauke Linux Mint daga shafinta na asali. Ta kusa GB 3, don haka a jira datar dare. A zuba ta cikin filashin da manhajar Rufus a wata kwamfutar. A soka, a kunna, a riƙa danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce, sannan a zaɓi filashin. Za ta buɗe ba tare da ta taɓa komai ba, a gwada sauti da madannai da kama intanet tukuna.

A nan muke jan kunne: girkawa na iya goge duk abin da ke ciki. A nemi izinin mai ita, a kwashe hotunan biki da takardunsa kafin a danna komai. Kada gyara ya zama rigimar gida.

Mai hali ya sauya tsohon faifan ajiya da SSD idan ya shiga Zariya ko Kano. Wannan kaɗai yana sa ta tashi cikin sauri fiye da duk wata dabara.

Kada mu yaudari kanmu, ba za ta iya manyan wasanni ko haɗa bidiyo ba. Amma a jona ta da intanet ɗin waya, a buɗe shafi biyu ko uku kawai a Firefox, za ta karanta darussa, ta yi rubutu a LibreOffice, ta buɗe shafukan gwajin jarrabawa. A nan ne yatsu za su saba da A, B, C, D na amsa, N na zuwa gaba, P na komawa baya.

Wanda ya samo tasa ya kawo ta wajen 'yan kulob lokacin tara, tare da cajarta. Filashin muna da shi.