Wasiƙa Zuwa Ga Ƴaƴana Ɗaliban Makarantun Kuɗi

Ya ku ƴaƴana maza da mata, 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, alhali kuwa shekaru sun ja, ido ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, shi ne abin da nake gani kowace shekara in watan Oktoba ya kama, an yanke gero ana ɗaure dammuna: sai ka ga motoci da babura sun kwaso yara daga nan Madarumfa, da Ɗan Isa, da Gabi, da Safo, da Jiratawa, kowa da akwatinsa da bokitinsa da gidan sauronsa, an nufi da su makarantun nan masu zaman kansu, waɗanda mafi yawansu ke birnin Maraɗi, waɗansu za su kwana a cikin makarantar har hutu, waɗansu kuwa a sauke su gidan wani ɗan'uwa su riƙa jeka-ka-dawo. Na koyar da yara shekaru masu yawa kafin in ajiye alli, saboda haka na ga ya wajaba in faɗa muku abin da iyayenku, don kunya ko don kawaici, ba za su faɗa muku ba.

Kuɗin da aka ƙirga a gaban darakta ranar da aka rubuta sunayenku, ku sani ba daga sama suka faɗo ba. A cikinsu akwai buhun wake da aka sayar tun farashi bai tashi ba, akwai jar akuyar da mahaifiya ta yi shekara tana kiwo, akwai guzurin fatake masu bin hanyar Jibiya, akwai kuma kifin da wani ya kwana cikin sanyin tafki yana kamawa. To, waɗannan kuɗi sun saya muku aji na siminti, da tebur, da fitila, da tuwon dare, da malamin da ba ya fashi. Amma ilimi shi kansa ba ya cikin abin da aka saya, domin shi ba haja ba ne da za a auna wa mutum a tiya, sai wanda ya durƙusa ya nema da himma da ladabi. Na sha ganin yaron da aka kashe wa dukiya ya fito hannu rabbana, na kuma ga wanda ya yi karatunsa zaune a kan buhu ya ci jarrabawar birbe da ta bak bai taɓa maimaita aji ba.

Kada ku ɗauka barin gida don neman ilimi baƙon abu ne da Nasara ya kawo. Tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ɗalibai ke niƙo gari su tafi Birnin Katsina su zauna shekaru a zauren malami, yaran unguwa kuwa su zo da allunansu da safe su koma gida da hantsi. Ashe ke nan kwana da jeka-ka-dawo duka biyu gadonmu ne. Da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam, ita ma ta kwana ce. Abin da magabata suka fahimta shi ne, ana raba yaro da gida ne don a tsare masa lokacinsa, domin lokaci shi ne jarin ɗalibi.

Ku dubi yininku da idon basira. Ƙararrawa ta tashe ku da asuba, kun yi alwala ko da hunturu ya sa ruwan randa ya zama kamar ƙanƙara, kun yi salla cikin jam'i, kun sha koko, kun tsaya a layi an ɗaga tuta, sa'an nan aka shiga aji. Duk wannan tsari ne da aka ɗora muku, ba ku da zaɓi a cikinsa, yabonku a kansa kaɗan ne. Inda ake gane ɗalibi na haƙiƙa shi ne sa'o'in nan na bayan lisha, lokacin da aka tara ku don bita, mai tsaro ya zauna bakin ƙofa yana gyangyaɗi, ba mai duban abin da ke gabanku sai Allah. A nan ne wani ke buɗe littafin lissafi ya sake aikin da ya faɗi har sai ya gane inda ya karkace, wani kuwa ya ɓoye wayar salula a ƙarƙashin tebur yana kallon raye-rayen TikTok. Malamanmu na zaure, waɗanda suka karantar da mu Ahalari da Ishmawi da Risala, ba su yarda ɗalibi ya ƙara darasi sai ya maimaita na jiya har ya zauna, suna kiran wannan muraja'a. Ban kuwa ga wani fanni na boko, ko lissafi ne ko kimiyya, da ya fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba. Wanda ya bar karatu ya taru sai watan Mayu, ga zafin bazara ga jarrabawa ta ƙarato, shi ne shaiɗan ke raya wa satar amsa. Ita kuwa satar amsa ha'inci ce, kuma goma bisa ashirin da ka samu da guminka ta fi maka albarka bisa goma sha takwas ta sata, domin likitan da ya yi satar amsa, ranar da aka kawo masa majinyaci ba shi da wanda zai leƙa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Aji ɗaya ya haɗa ku, amma dare ya raba ku. Kai ɗan kwana, an dafa an ba ka, an kunna maka fitila, an share maka dare sarai don karatu. Ɗan'uwanka na jeka-ka-dawo kuwa, kafin ya buɗe littafi sai ya yi aike, ya ba dabbobi ruwa, wataƙila ma a gidan da aka sauke shi ba ya da ɗakin kansa. Ƴar'uwarka kuma sai ta yi surfe da wanke-wanke ta goyi ƙane, kana ta zauna da ƴar tocila ido na lumshewa. In ka gan shi ya makara, ko ka ga tana gyangyaɗi a aji, haramun ne gare ka ka yi dariya. Wajibinka ka ara musu littafinka, ka zauna da su lokacin shan iska ka maimaita musu abin da ya wuce su. Kai kuma ɗan jeka-ka-dawo, kana da abin da ɗan kwana ya rasa, watau fuskar iyaye ko ta dangi, da labarin gari, da ɗanɗanon miyar gida. In ka ga ƙaramin yaro ɗan aji shida ya raɓe jikin katanga yana hawayen kewa, ka tuna dambun zogale ƙunshi ɗaya daga hannun mahaifiyarka yana iya zama sadakar da ba zai taɓa mantawa da ita ba. Manyan ɗalibai kuwa masu sa ƙanana wanki da ɗibar ruwa, suna ƙwace musu ƙuli-ƙuli da garin da aka ƙullo musu daga gida, wai don su ma haka aka yi musu, su sani zalunci ba ya zama halal don an gaje shi.

Katangar nan da ta kewaye ku, ina tsoron kada ta shiga zukatanku. A zamaninmu akwai wani abu da ake kira sambol, wanda ake rataya wa yaro a wuya in an ji ya yi Hausa a makaranta. Na rataya shi, na kuma san irin raunin da yake bari, har mutum ya koma gida yana jin nauyin harshen uwarsa. Ga shi a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu ina ganin yaran da in sun zo hutu ba sa iya durƙusawa su gai da tsoho, suna ƙyamar furar da aka dama a ƙwarya. Ku ɗauki misali da Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929: ya yi kwana a makarantar William Ponty a Senegal, ya wuce Faransa ya ƙware a kimiyyar fizik, ya wallafa littafi a 1964 a kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa da harsunanmu, daga bisani ya komo gida ya duƙufa kan yadda za a mori zafin ranar nan da ke ƙona mu. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ku koyi Faransanci da Larabci da Ingilishi iyakar iyawarku, amma ku riƙe abin da za ku yi wa kakarku bayani da shi.

Kada kuma ku manta da takwarorinku da ba su sami abin da kuka samu ba. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana a wata makarantar firamare a Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Neman abin da kuke nema ne ya kai su ƙarƙashin zanar nan, ba su kuwa fi ku laifi ba, ba ku fi su daraja wurin Allah ba.

Saboda haka ina roƙonku abu ɗaya. In hutu ya zo kun dawo Madarumfa, bayan kun gai da iyaye kun ziyarci dangi, kowannenku ya nemi yaro ɗaya a unguwarsu wanda bai iya haɗa baƙi ba, ya shimfiɗa tabarma a zaure bayan la'asar, ya zauna da shi kullum har ranar komawa. Ku isar da gaisuwata ga malamanku. Haza wassalamu.

Daga mahaifinku, tsohon malamin makaranta, Madarumfa.