Darasin Mako: Ibn Khaldun da Gidan da Ke Rushewa a Hannun Tattaɓa-kunne



Cikin masu zurfin tunani da duniyar Musulunci ta haifa, akwai wanda muke yawan komawa gare shi, wato Abdurrahman Ibn Khaldun. An haife shi a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, inda ya yi alƙalanci a mazhabar Malikiyya. Shi ma ya san zaman baƙunta kamar mu. Kakanninsa daga Andalus suka yi hijira, shi kuma ya zauna a Fas da Garnaɗa kafin ya ƙarasa Masar.

A 1377, yana keɓe a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta Muƙaddima. Abin da ya sa muke son sa shi ne bai tsaya ga labarin wane sarki ya ci wane da yaƙi ba. Dalili ya bi: me ke ɗaga jama'a, me kuma ke kayar da ita?

Amsarsa ita ce asabiyya, wato riƙon juna, kowa ya ji ciwon ɗan'uwansa a jikinsa. Ba ƙabilancin da addini ya hana muke nufi ba, na goyon bayan naka ko da shi ne azzalumi. A ganinsa, wahala ce ke ƙulla wannan riƙo, jin daɗi kuma ya sassauta shi.

Ya ce ɗaukakar gida galibi zuriya huɗu take kaiwa. Na farko shi ya gina, ya san abin da ginin ya ci masa. Ɗansa ya koya a gabansa, amma gani ba kamar yi ba ne. Jika kwaikwayo kawai yake yi, bai san dalilin komai ba. Tattaɓa-kunne kuwa ɗauka yake girman nan a jininsa yake, sai ya raina mutanen da suka tallafi gidan, su ma su watse su bar shi.

To, mu dubi kanmu. Iyayenmu da suka sauka a Kudu da goro, shanu, albasa da wake, da me suka zo? Maigida ya saukar da baƙo, ya ba shi wurin kwana, ya tsaya masa a ba shi kaya bashi. Amana ce jarinsu. Yau akwai yaranmu da ba su san hanyar rumfar ubansu ba, ba su san wanda ya tsaya wa kakansu ba, balle su gaishe da 'ya'yansa. Wannan ba laifin yaran ba ne, mu ne ba mu gaya musu ba.

Ibn Khaldun bai ce dole sai huɗu ba, takan gaza haka, takan kuma wuce. Ke nan akwai abin yi. A bar yaro ya yi karatunsa, amma ranar Asabar a tafi da shi kasuwa, ya ɗauki kaya, ya rubuta lissafi, ya ga yadda ake biyan bashi a kan lokaci. Iyaye mata, a ba su labarin asali bayan sallar isha'i. Baƙon da ya sauka yau kuma, a yi masa abin da aka yi mana.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a nemanmu. Amin.