Cinikin Gida Da Fili: A Nemi Marubuci Kafin A Ƙirga Kuɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne tambayar da wani dattijo ya yi mini bayan sallar Magariba a nan Hanwa. Ya karɓi kuɗinsa na sallama daga aiki, ya sami gida zai saya, ɗansa ya ce a nemi lauya, shi kuwa abin ya yi masa nauyi. Ya ce, "Malam, mai gidan nan sahu ɗaya muke salla da shi. In na kawo masa lauya, ai na nuna ban yarda da shi ba ke nan. Kuma tun tasowata nake jin ana cewa kuɗin lauya ba su da albarka."

To, amsar tana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. A cikinta Allah ya yi umurni da rubuta bashi, kuma marubuci ya rubuta da adalci tsakanin mutanen biyu, sa'an nan a kafa shaidu idan an yi ciniki. Mafi yawan malamai sun ɗauki umurnin a kan mustahabbi ne, Imam Ɗabari kuwa ya ce wajibi ne. Abin lura shi ne, Sahabbai aka fara faɗa wa wannan, alhali kuwa babu al'ummar da ta kai su riƙon amana. Ashe rubutu ba zargi ba ne. Mutum yakan manta, yakan kuma mutu ya bar 'ya'yan da ba su ga ciniki ba.

Wannan aikin rubutu sana'a ce tun da daɗewa a ƙasashen Malikiyya. A Andalus da Magrib akwai fanni guda da ake kira ilmin wasiƙai, watau sanin yadda ake tsara takardun ciniki da jingina, har Shaihu Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya wallafa littafi a kansa. Har gobe a Maroko akwai waɗanda ake kira udulu, su ke rubuta takardun aure da na dukiya. A ƙasarmu, dokar aikin lauyoyi ta keɓe wa lauya tsara takardar cinikin gida ko fili in don lada za a yi. Saboda haka lauyan da ya zauna ya rubuta maka takarda bisa gaskiya, aikin marubucin ayar nan ya yi, ladansa kuwa halal ne. Wakilci a gaban alƙali ma ya halatta, don littattafan fiƙihu sun kawo cewa Sayyadina Ali yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a shari'a. Abin da aka hana shi ne tsaya wa maha'inci, kamar yadda aya ta 105 ta Suratun Nisa'i ta nuna.

Wane lauya za ka zaɓa? Da farko, ya zama naka ne, kai ka nemo shi, kai za ka biya shi. Kada ka yarda da wanda dillali ya kawo, domin dillali la'adarsa yake jira, ba ta fitowa kuwa sai ciniki ya faɗa. Ka tabbata lauya ne na gaske: sunan kowane lauya yana cikin rajistar Kotun Ƙoli, kuma yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya da yake liƙawa a takardunsa, ƙungiyar kuwa tana da reshe a Zariya. Ku yanke lada tun farko, a rubuce, don ijara da ladan da ba a sani ba ɓatacciya ce a shari'a. Ƙa'idar da aka fitar a 2023 ta sa wa lauyan mai saye kashi 10 cikin 100 a matsayin mafi ƙaranci, idan dukiyar ba ta kai Naira miliyan 50 ba. Na san da yawa za su ce ya yi tsada. Sai su tambayi wanda ya yi shekaru yana zirga-zirga a Babbar Kotu nawa ya kashe.

Aikinsa na farko bincike ne, tun kafin a ba da kafin-alƙalami. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, abin da mutum ya mallaka shi ne haƙƙin zama, kuma mai takardar Gwamna ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da iznin Gwamna. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, a can lauya zai duba sunan wa ke kan takarda, da ko an jinginar da gidan ga banki. Safiyo kuma ya auna iyaka. Hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin wannan. Mu da muke tsakanin Samaru da Sabon Gari, kewaye da filayen jami'a da na jirgin ƙasa da na soja, mun fi kowa bukatar haka. A 2021 hukumar KASUPDA ta rushe gidaje da dama a unguwar Graceland bisa cewa filin na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne, masu gidajen kuwa suka ce suna da takardunsu. Ba ni ne mai yanke musu hukunci ba, amma duk mun ga iyalai a kan titi da kayansu.

Sai dai akwai wurin da sau da yawa idon lauya ba ya kaiwa in bai karanci fiƙihu ba, shi ne gidan gado. Gidaje da yawa da ake sayarwa a tsofaffin unguwanninmu na magada ne, babban wa shi ke riƙe da takarda, shi ke magana da dillali. Alhali kuwa a shari'a rabonsa kaɗai ya mallaka. Sayar da rabon ƙannensa mata da na matan uba cinikin mai shisshigi ne, wanda a mazhabar Maliku yake tsayawa sai masu haƙƙi sun yarda. In akwai maraya ƙarami a ciki, sai waliyyinsa ko alƙali, kuma sai da dalilin da shari'a ta amince da shi. Har wa yau ga shufa'a: idan ɗaya daga masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da ikon karɓa a kan kuɗin da aka saya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ba wanda yake gari shekara guda, wanda ke tafiya kuwa haƙƙinsa yana nan ko ya daɗe. Maƙwabci ba shi da shufa'a a wurinmu, Hanafawa ne suka ba shi. Don haka ka tambayi lauyanka ko ya san waɗannan, in bai sani ba a haɗa shi da malami, kuma a nemi takardar rabon gado daga Kotun Shari'a, kowane magaji ya sa hannu da kansa.

Dattijon nan ya bi shawarar ɗansa. Da aka bincika, sai ga shi gidan na gado ne, akwai wata ƙanwar mai sayarwa tana aure a Funtuwa, ba wanda ya gaya mata. Mai sayarwan bai yi nufin zamba ba, yana ganin tun da shi ya aurar da ita, magana ta ƙare. An aika mata, kuɗi suna nan a banki ana jiran zuwanta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin jinginar gida da cin amfaninsa.