Haɗa Manhajar Tantancewa da Rumbun Adana Sauye-sauye: Darasi ga Masu Nazarin Harshe a Ƙasar Haɗeja

Tsakure

Manazarta harshe da adabi sun fara rubuta ƙananan manhajoji domin ƙirga kalmomi da daidaita ƙa'idojin rubutu da tsara ƙamus. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake haɗa manhajar da ke tantance irin wannan rubutu da rumbun da ke adana tarihin sauye-sauyensa, tare da fito da wurare huɗu da haɗin kan yanke. An ɗora bayanin a kan yanayin aikin bincike a fadamun Kogin Haɗeja.

1.0 Gabatarwa

Masarautar Haɗeja ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Kirikasamma da Guri. Yanki ne da Hausa ta cuɗanya da Fulatanci da Manganci da Badanci, kuma a nan ne harshen Auyokawa ya ɓace. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a fadamun ta sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai da dama, sana'ar su da noman fadama suka sauya salo. Idan sana'a ta sauya, kalmominta kan bi ta. Saboda haka tattara kalmomin masunta da sunayen kududdufai aiki ne na gaggawa, kuma wanda ya tattara su sannan ya rasa sahihin kwafinsu da wuya ya sake samun mutanen da suka ba shi su.

2.0 Ma'anar Kayan Aikin Biyu

Tsarin adana sauye-sauye rumbu ne da ke riƙe kowane gyara da aka yi wa rubutu, da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Mafi shahara shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Kamfanoni irin su GitHub da GitLab da Bitbucket kan ajiye rumbunan Git a intanet. Manazarcin da ya saba da rubuce-rubucen ajami zai gane hikimar nan da nan, domin ya san wahalar kwatanta kwafi biyu na waƙa ɗaya don gano inda mai kwafa ya ƙara ko ya rage.

Ita kuwa manhajar tantancewa karanta rubutun manhaja take yi ba tare da ta kunna shi ba, ta nuna kurakurai da kafofin da ɓarayin bayanai za su iya shiga. Asalinta na komawa ga lint, wadda Stephen Johnson ya rubuta a 1978, kuma SonarQube na daga cikin waɗanda ake amfani da su a yau. Idan an haɗa su biyun, duk lokacin da wani ya nemi a shigar da gyaransa cikin babban reshe, rumbun zai aika wa manhajar sanarwa, ta duba gyaran, ta mayar da hukunci kafin a amince da shi.

3.0 Wuraren da Haɗin Kan Yanke

3.1 Mabuɗin Shiga

Manhajar tantancewa ba ta shiga rumbu sai da mabuɗi. Tun 13 ga Agusta, 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri ta asusu wajen ayyukan Git, ya koma ga mabuɗai na musamman. Mabuɗan kan zo da wa'adi, kuma ranar da wa'adin ya cika tantancewa kan tsaya ba tare da kowa ya lura ba. Haka nan idan an yi mabuɗin da sunan ɗalibi, to ranar da ya kammala karatu aka rufe asusunsa haɗin ya mutu. Ya kamata mabuɗin ya kasance na sashe, a rubuta ranar ƙarewarsa, kuma a ba shi izinin karantawa da yin sharhi kawai. Abin da ya faru da Codecov a 2021, inda aka kutsa cikin manhajarsa aka kwashi mabuɗan abokan hulɗarsa, ya isa nuna hatsarin mabuɗi mai faɗin izini.

3.2 Sunan Reshe da Cikar Tarihi

A watan Oktoba na 2020 GitHub ya sauya sunan babban reshe na sababbin rumbuna daga master zuwa main. Idan rumbu na amfani da sabon suna alhali manhajar na neman tsohon, za ta ci gaba da nuna sakamakon tsohon rubutu. Bugu da ƙari, domin rage cin data, akan sauko da kwafin ƙarshe kawai a bar tarihi. Hakan na hana manhajar sanin wanda ya rubuta kowane layi, sai ta kasa bambance sabon kuskure da tsoho.

3.3 Haruffa Masu Lanƙwasa da Ajami

Wannan ita ce matsalar da ta fi shafar Hausa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna da gurbinsu a Unicode, amma idan ba a gaya wa manhajar cewa fayilolin na tsarin UTF-8 ne ba, tana iya karanta su a matsayin tarkace. Babban haɗarin shi ne wani ya ga gargaɗin ya cire lanƙwasar don a zauna lafiya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Haka kuma wasali mai alamar karin sauti ana iya adana shi ta hanya biyu, a dunƙule ko a rarrabe. Ido na ganinsu ɗaya, Git na ganinsu daban, sai ya nuna an sauya layukan da ba a taɓa ba. Game da ajami, tun bayan binciken Trojan Source na Jami'ar Cambridge a 2021, manhajoji da dama kan yi gargaɗi idan suka ga ɓoyayyun alamomin da ke juya rubutu daga dama zuwa hagu. Mafita ita ce a ware matanin ajami a jaka ta daban, a sanar da manhajar cewa bayanai ne, ba umarnin kwamfuta ba.

3.4 Aiki a Wurin da Babu Intanet

Git na ba mai bincike damar adana gyaransa a kwamfutarsa ko da yana ƙauyen da ruwa ya yanke a damina. Sai dai tantancewa ba ta faruwa sai ya tura. Mutum biyu da suka yi mako uku suna gyara jerin kalmomi ɗaya, ɗaya a Guri ɗaya a Kafin Hausa, za su tarar da karo mai yawa ranar haɗawa. Don haka kowa ya riƙe reshensa, ya riƙa turawa da zarar ya samu layi, kuma a ɗora ƙaramar manhajar tantancewa a kwamfutar kowa.

4.0 Amanar Masu Ba da Bayani

Abin da ya shiga tarihin Git ba ya fita da sharewa ta yau da kullum. Idan sunan mai ba da bayani ko lambar wayarsa ta shiga rumbu, tana nan a tsoffin kwafi, kuma duk manhajar da aka ba mabuɗi tana iya karanta ta. Saboda haka a ajiye muryoyi da sunaye a wani wuri dabam, a sa lambobi a madadinsu cikin rumbun.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa haɗin manhajar tantancewa da rumbu na buƙatar mai kula da shi, kamar yadda magudanar ruwa ke buƙatar yasa. Ana ba sassan nazarin harsuna, irin na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, shawarar su naɗa mutum ɗaya da zai riƙe rajistar mabuɗai da ranakun ƙarewarsu, su amince da tsari ɗaya na rubuta haruffa kafin a fara tattara bayanai, sannan a farkon kowane zango su shigar da kuskure da gangan domin tabbatar da cewa manhajar na kama shi.