Kafin Yaro Ya Hau Jirgin Alƙahira: Shawarwari Ga Mutanen Gida

Hanyar Masar tsohuwar hanya ce a wurinmu. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a can saboda ɗalibansu da alhazansu, a masallacin Azhar kuma akwai zauren da aka keɓe wa 'yan Barno. A da sai an shafe watanni a bayan raƙumi. Yau jirgi ya tashi daga Kano, cikin awa huɗu zuwa biyar ya dire a Alƙahira. Har gobe dai mafi yawan masu zuwa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, guzurinsu a ƙirge yake. Ɗan yayata na cikinsu. Ya tafi bai iya dafa ruwan shayi ba, ya dawo shi ke lissafin cefanen gida. Abin da na gani a tafiyarsa, da abin da na ji daga bakin abokan zamansa, shi na tara wa iyaye da yayye a nan.

1. Ku binciki makarantar da kanku kafin a taɓa gona ko saniya.

Dillalan neman gurbin karatu sun yi yawa, akwai na kirki, akwai masu cin guminku su bar yaro a tsaye a filin jirgi. Ku nemi ɗalibin da yake makarantar a yanzu, ku yi magana da shi baki da baki, ku tura masa hoton takardar shaidar samun gurbin ya duba. Wanda ya nufi Azhar kuma ya sani cewa ba kowa ke faɗawa jami'a kai tsaye ba. Idan takardar sakandarensa ba ta cikin waɗanda suka amince da su, za a yi masa jarrabawar tantance matsayi, ana iya mayar da shi ajin koyon Larabci ko makarantar share fage. Karatun da kuka ƙiyasta shekara 4 sai ya zama 6. Gara a san wannan tun ana zaure, da a riƙa zargin yaro da wasa daga baya. Ku tambayi makomar takardar ma idan ya dawo: a Najeriya sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance digirin waje kafin a tafi bautar ƙasa, wanda ya karanta likitanci kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci kafin ya taɓa marar lafiya.

2. A tura shi madafi tun saura wata uku.

Wannan ita ce shawarar da iyaye mata suka fi yi wa dariya, ita ce kuma ta fi amfani. A gidajenmu da yawa namiji yana kai shekara 20 bai taɓa tuƙa tuwo ba, ƙannensa mata ke wanke masa kwano. A can babu ƙanwa. Ɗalibin da bai iya girki ba kuɗin wata yakan ƙare masa a kwana goma sha biyar a shagunan abinci, sauran kwanakin ya koma raɓe-raɓe a ɗakin abokai, daga nan mutunci ke fara zubewa.

Umma, ki zaunar da shi ya koyi abu biyar kawai: dafa-duka, wake da shinkafa, miyar kuka, miyar tumatir da kunu. Ya yi da hannunsa, ya ƙona tukunya sau biyu a gabanki. A ƙulla masa garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ɗaure su sosai kada su ɓata masa tufafi. Sauran zai samu a can cikin rahusa. Abincin talakan Masar yana riƙe ciki: ful, wato dafaffen wake da mai, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, da koshari na shinkafa da taliya da adas, ga gurasarsu da suke kira aish. Farkon zuwa zai yatsina fuska, bayan wata biyu da kansa zai riƙa bin layi. Bayan girki, a haɗa masa da koyon wanki da guga da ɗinke maɓalli.

3. Ku yanke abin da za ku iya aikawa, ku sa masa rana, ku faɗa masa gaskiya.

Ɗalibi a Masar tsakanin kuɗi biyu masu rawa yake zaune. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A can kuma, ranar 6 ga Maris 2024, fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 a kan dala zuwa wajen 50 a yini guda, bayan hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin ɗari a watan Satumban 2023. Kuɗin haya ma ya tashi a unguwannin da baƙi ke zama tun da yaƙin Sudan ya koro dubban mutane. Saboda haka idan yaro ya ce abin da aka saba turawa ya daina kai shi ƙarshen wata, kada a fara da cewa ya koyi almubazzaranci. A ce ya rubuto lissafi: haya nawa, wuta da gas nawa, mota nawa, littattafai nawa. 'Yan uwanmu na Nijar sun ɗan fi samun sauƙi ta ɓangare ɗaya, tun da sefa a ɗaure take da yuro, amma tsadar can ba ta bar kowa ba.

Kuɗi kaɗan mai zuwa ranar da aka ce ya fi mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba. Da shi ne yaro ke koyon raba wata gida huɗu, ya san cewa in ya sayi takalmi yau, nama sai wani watan. Idan abu ya matse a gida, Baba ya kira shi ya ce masa wannan watan rabi za a samu. Yaran nan suna iya ɗaukar gaskiya fiye da yadda muke zato. Abin da ke karya su shi ne a ce gobe, goben ta zo a kashe waya. Ku ware kuma kuɗin tikitin dawowa a wuri guda, a bar shi kamar babu shi, ko biki ya taso ko suna.

4. Fasfo ya zauna a hannunsa, izinin zama kuma kada ya mutu.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ɗalibanmu da ke can aka kwashe su a motocin safa zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sarari kafin a bar su su wuce Aswan su hau jirgi. A cikin wannan rikici mutane da yawa fasfonsu ya maƙale a ofisoshin da aka rufe. Darasin a fili yake. Kada yaro ya bar wa dillali ko mai gidan haya fasfonsa da sunan ajiya. A ɗauki hoton shafin farko, da biza, da katin allurar shawara, da takardun makaranta, kwafi ɗaya a wayarsa, ɗaya a akwatin Umma. Ya kai sunansa ofishin jakadanci da ƙungiyar ɗaliban ƙasarsa a makon farko. Iƙama kuwa, wato izinin zama, ya fara neman sabunta ta tun da sauran lokaci, domin layi ne mai cin kwanaki, wanda ya bari ta mutu kuma tara ce ke jiransa.

5. Ku gaya masa Larabcin allo daban, na titi daban.

Yaron da ya haddace nahawu a Islamiyya zai sauka ya ji kamar bai taɓa karatu ba. Bamisire yana mayar da jimun ga, ya haɗiye ƙaf, gahawa ta zama ahwa. Kafin ya tafi ya riƙe 'yan kalmomi: bikam idan zai tambayi farashi, fen idan yana neman wuri, ala gamb idan yana so direban ƙaramar bas ya sauke shi. Sauran a bakin mai kanti da mai gadi zai tsinta, muddin bai kulle kansa cikin Hausawa zalla ba. Unguwar Hayyul Ashir a Madinatu Nasr cike take da 'yan Afirka, mutum na iya shekara a can yana Hausa safe da yamma. Daɗi ne, amma asara ce. Ku ƙarfafa masa ya yi aboki ɗan Indonesiya ko ɗan Senegal, wanda dole sai da Larabci za su fahimci juna.

6. Rigar sanyi da bargo.

Muna jin Masar sai mu tuna hamada. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare kan sauka ƙasa da digiri 10, ɗakunan haya kuma ba su da abin ɗumama ɗaki. A saya masa mai kauri a gwanjo tun daga gida.

7. A tsara kiran waya, a kuma iya saurare.

Kewa ba ta zuwa a makon farko, lokacin ido na ta kallo. Takan zo bayan wata biyu ko uku, ta fi tsanani ranar Sallah, sa'ad da ya idar da Idi ya koma ɗaki babu gaisuwar kowa, babu ƙamshin miyar gida. Ku sa rana ɗaya a mako, Juma'a da dare misali, kowa ya karɓi waya har da ƙananan yara. Kiran kullum sau uku yana hana shi dasa ƙafa a inda yake, shiru na wata guda kuma yana sa ya ji an manta da shi.

Idan ya ce ya gaji, kada amsar ta zama kai namiji ne, yi haƙuri kawai. A tambaye shi me yake ci, yana barci kuwa, da wa yake zuwa masallaci. Wanda ya daina fita, ya daina zuwa aji, ya rage magana, a nemi babban ɗalibi a can ya leƙa shi da gaggawa. Akwai kuma al'adarmu ta ɓoye rasuwa wai kada a tayar masa da hankali. Na roƙe ku ku bar ta. A zamanin WhatsApp labari zai riske shi daga bakin wani, a tsakiyar dare, shi kaɗai. Gara a kira abokin ɗakinsa ya zauna kusa da shi, sannan babba a gida ya faɗa masa da kansa.

8. Idan ya ce zai zaga ƙasar lokacin hutu, ku bar shi.

Iyaye kan ji wannan a matsayin yawon banza: mun tura ka karatu ko yawon buɗe ido? Ni kuwa a nan na ga canji mafi girma a ɗan yayata. Ya tara 'yan canjinsa wata huɗu, ya je tashar Ramsis shi kaɗai, ya hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, ya ga teku karo na farko a rayuwarsa, ya shiga babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, ya kwana a masauki mai arha. A hanyar dawowa ya ɓata, babu wanda zai kira, dole ya tambaya, ya yi ciniki, ya gane wa zai yarda da shi, wa zai kauce wa. Ya ce mini tun daga ranar ya daina tsoron shiga ofis ya yi magana.

Tafiyar ba sai ta yi nisa ba. A cikin Alƙahira kaɗai akwai masallacin Amru bin As, na farko a ƙasar, da na Ibn Ɗulun, da ƙabarin Imamu Shafi'i, da kasuwar littattafai ta bayan Azhar inda ake samun bugun da ake nema ruwa a jallo a kasuwar Kurmi. A ƙarshen Janairu ana baje kolin littattafai na duniya, wanda aka fara tun 1969. Katin ɗalibi yana rage rabin kuɗin shiga wuraren tarihi. Sharaɗinku uku ne kawai: ya faɗi inda za shi da ranar dawowa, ya riƙe takardunsa, ya nisanci siyasar ƙasar mutane da ɗaukar hoton jami'an tsaro ko gine-ginensu, domin a can ba a wasa da wannan.

9. Idan 'ya mace ce, a gama maganar masauki kafin a sayi tikiti.

A san ɗakin, a san abokan zama, a san wata babbar mace a can da za ta iya kira ko da tsakar dare. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira yana da taragun mata zalla, ta riƙa shiga su. Kuɗinta kuma ya riƙa zuwa hannunta kai tsaye, kada a bi da shi ta hannun wani ɗan uwa namiji da zai sa ta roƙo.

10. Ranar dawowa, ku sauke masa nauyin tsaraba, ku ba shi lokaci.

Tun kafin ya taso a sanar da dangi cewa ɗalibi ne ke dawowa, ba ɗan kasuwa ba. Na san wanda ya ci bashi ya sayo jallabiyoyi da turare don kada a ce ya dawo hannu rabbana. Dabino da 'yan littattafai sun isa.

Sannan ku shirya karɓar mutumin da ya saba yanke wa kansa shawara shekara biyar. Zai so ɗaki shi kaɗai. Zai tambayi dalilin abin da a da yake yi ba tambaya. Ya zauna da Shafi'awa da Hanafawa a sahu ɗaya, ya ga ana saɓani ana kuma cin abinci a faranti guda, don haka wata gardamar unguwa ba za ta ƙara burge shi ba. Kada a yi saurin cewa ya yi girman kai ko an canza masa aƙida. Shi ma a ja shi gefe a tuna masa cewa gyaran karatun limamin unguwa a bainar jama'a ba shi ne alamar ilimi ba, kuma kowace magana ba sai ta fara da a can Masar ba. Kawu ko yaya da yake jin nauyinsa shi ya fi dacewa da wannan.

Abokansa na da sun yi aure, wasu sun buɗe shago, shi kuma yana jiran tantance takarda. Watannin nan suna da nauyi. Ku ba shi abin yi tun makon farko: ya karɓi aji ɗaya a Islamiyyar unguwa, ya riƙe lissafin kuɗin makarantar ƙannensa, ko ya raka Baba kasuwa ya yi cinikin buhun masara. Idan kuma wata safiya Umma ta tarar da shi a madafi ya ɗora wake tun dare yana son ya yi wa gida ful, ta bar masa murhun, ta aika a sayo burodi.