Me Ya Sa Wani Magani Ke Narkewa a Ruwa, Wani Kuma Sai da Sifirit?

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ƙauyen Sunke na cikin wuraren da abin ya shafa, tare da Bagega da Abare da Dareta. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi wa yaran magani da wani sinadari mai suna DMSA, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya mayar da ita abin da ruwa zai iya ɗauka, sai ƙoda ta fitar da ita ta fitsari. Ran yara da dama ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: wannan abu zai narke ko ba zai narke ba? Darasin yau zai duba dokar da ke amsa wannan tambaya.

Dokar Gibbs

Fannin kimiyyar da ke nazarin zafi da makamashi ana kiransa tamodainamik. Wani Ba'amurke mai suna Josiah Willard Gibbs ya fito da lissafinsa a shekarun 1870:

ΔG = ΔH − TΔS

ΔH shi ne makamashin da ake kashewa ko ake samu. Kafin ƙwayar magani ta narke, dole a raba ƙananan ƙwayoyinta da ke riƙe da juna, kuma wannan yana cin makamashi kamar yadda manhaja ke cin caji. ΔS shi ne yawan bazuwa, wato yadda ƙwayoyin suka samu sararin watsuwa. T kuma ma'aunin zafi ne a Kelvin, inda digiri 25 na Selshiyos yake daidai da 298. Idan ΔG ya faɗi ƙasa da sifili, narkewa za ta ci gaba da kanta. Idan ya kai sifili, ruwan ya ƙoshi, duk abin da aka ƙara sai ya kwanta a ƙasa.

Misali da farasitamol

Lita ɗaya ta ruwa a digiri 25 tana narkar da kusan giram 14 na farasitamol, wato miligiram 14 a kowace mililita. Amma sirof ɗin yara da aka saba gani yana ɗauke da miligiram 120 a mililita 5, wato 24 a kowace mililita. Ruwa zalla ba zai iya ɗaukar wannan ba.

Dalili yana cikin ƙirar maganin. Wani ɓangarensa yana jituwa da ruwa, wani ɓangaren kuma halinsa irin na mai ne. Ruwa kan jeru ya kewaye wannan ɓangaren kamar katanga, sai bazuwa ta ragu, narkewa ta yi wuya. Etanol, wanda shi ne asalin sifirit, yana da fuska biyu: ɗaya tana kama ruwa, ɗaya tana kama mai. Shi ya sa yake narkar da farasitamol kusan ninki goma na abin da ruwa ke narkarwa. Abin mamaki, haɗin da etanol ya fi yawa da ɗan ruwa kaɗan ya fi etanol zalla aiki, domin kowanne yana kama nasa ɓangaren. Zafi ma yana taimakawa, tunda narkewar farasitamol tana jan zafi ne daga kewaye.

Inda haɗarin yake

A sirof ɗin yara, kamfanoni sun fi amfani da gilisarin da furofilin gilaikol, waɗanda a kimiyyance 'yan gidan etanol ne. Suna da wani ɗan'uwa mai arha, dayetilin gilaikol, wanda ke narkar da magani da kyau amma yana lalata ƙoda. Shi aka samu a sirof ɗin haƙori na My Pikin a 2008, inda aƙalla yara 84 suka rasu a Najeriya. A 2022 ma yara kusan 70 sun rasu a Gambiya ta irin wannan hanya.

Abin da mai karatu zai riƙe

Idan aka bar kwalbar sirof a buɗe cikin zafin bazara, wani ɓangare na ruwan yakan tashi, abin da ya rage ya yi kauri. Idan sanyin hunturu ya zo, maganin na iya daskarewa a gindin kwalba kamar sikari. A nan ma'aunin cokali ya daina zama daidai, gara a mayar wa mai kemis ko ma'aikacin asibiti ya duba. Wanda aka rubuta a girgiza shi kafin a sha, dama can ba narkakke ba ne, dole a girgiza. Kada kuma a jiƙa ƙwaya a sifirit ɗin goge waya ko na wanke ciwo, domin ba na sha ba ne.

Wayar hannu ma tana da aiki a nan. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suna zuwa da wurin kankarewa: a kankare, a tura lambar ta saƙon tes zuwa lambar da aka rubuta, a jira amsa kafin a ba yaro.