Amsoshin Tambayoyinku: Koya Wa Yara Kare Kansu

Wata malamar firamare daga Kano ta tambaye mu yadda za ta faɗakar da 'yan aji ɗaya game da masu lalata da yara, ba tare da ta buɗe musu ido ba.

To Malama, Allah ya saka da alheri. Ki fara da abin da suka sani, wato al'aura. Ki gaya musu babu mai taɓa inda tufa ta rufe, sai uwa wajen wanka, ko likita a gaban iyaye. In wani ya gwada, su ƙi, su yi ihu, su gudu.

Nan wuyar take, domin mun horar da 'ya'yanmu kada su musa wa babba. Sau da yawa kuma mai ɓarnar sananne ne: maƙwabci, ɗan uwa, ko mai shagon da ake aikensu, ya ba da alawa ya ce kada Inna ta ji. Ki nanata musu cewa duk maganar da aka ce a ɓoye wa uwa, ita za a fara kai mata. Maza ma a gaya musu, don su ma ana cutar su.

In yarinya ta kawo ƙara, kada a daka mata tsawa. A saurare ta, a kai ta asibiti cikin awa 72, lokacin da maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a Asibitin Murtala. Iyaye, don Allah a daina rufa-rufa saboda gudun abin kunya.